Gajiyar da Kwanciya Ba Ta Magani

Gajiya iri biyu ce. Akwai ta manomi, wadda barcin dare ɗaya ke wankewa, akwai kuma ta mai jinyar ciwon daji, wadda kwanciya ke ƙara wa nauyi. Ta biyun ce ta kama wani tsohon malamin makaranta a Agye, bayan da likitoci suka gano sankara a furostat ɗinsa, wato ƙululun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar ɗa namiji.

Ya yi tafiyar da ta wuce kilomita 700 zuwa Yamai, inda aka buɗe sashen gashin sankara a Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Ciwon Daji a shekarar 2021. Bayan gashi aka ɗora shi bisa allura duk wata uku. Aikin allurar shi ne rage sinadarin maza, testosteron, wanda cutar ke girma da shi, dabarar da Charles Huggins ya gano a Amurka tun 1941. To amma sinadarin nan shi ke riƙe da tsoka da ƙashi. In ya ragu, cinya ta saki, ciki ya fito, ƙashi ya yi rauni, zufa ta riƙa karyowa tsakar dare.

Malamin ya koma gida ya lizimci tabarma. Mutumin da ya shekara talatin yana koyarwa a tsaye, sai ga shi yana sallar farilla a zaune. Wannan ya fi komai yi masa ciwo.

Da ya kai kuka, likita ya ce masa: "Baba, hutun nan naku shi ke cinye sauran ƙarfin. Ku taka, ko da kaɗan ne." Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ita ce aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu, kuma ta haɗa da masu fama da ciwon daji.

Ya fara da minti goma bayan asuba, kafin rana ta yi zafi. Da mako ya zagayo sai ya ƙara biyar. A tsakar gida yakan zauna bisa kujera ya miƙe sau goma, ya ɗaga bidon mai lita biyar, uwargida tana ƙirga masa. An kuma koya masa matse tsokar da ke riƙe fitsari. Gajiyar ba ta tafi duka ba, amma kafin damina ya koma sahu yana ruku'u da sujada, yana kai kansa gona ya duba aya da gero.

Wani amininsa ɗan kasuwa, mai bin kasuwanni daga Gazawa har Gidan Runji, da ya shiga irin wannan jinya, ya so ya kwaikwaye shi rana ɗaya. Malamin ya hana shi, ya ce ya fara jin ta bakin likita. Wanda cutar ta kai masa ga ƙashi, ɗaukar nauyi na iya jawo masa karaya. Mai ƙarancin jini, ko jiri, ko ciwon ƙirji, shi ma sai an duba shi tukuna. Tafiya kuma ba ta maye gurbin allura, taimaka mata take yi. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa, sai dai a daɗe ba a je ba.