Baƙon da Ya So Zama

Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, amma wani baƙon zama yake so. Abokina mutumin Damagaram, wanda muka gama karatu tare a Dutse, ya sami aikin koyarwa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kwana 90 ta yarje wa baƙo ba biza, mai zarcewa sai ya nemi izinin zama. Ga shi kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar a 2025. Inshorar ɗalibai kuwa tare da ɗalibta take ƙarewa, alhali dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan mazauna Nijeriya. Na shawarce shi ya nemi takardun nan biyu tun zazzaɓin damina bai kayar da shi ba. Harshenmu ɗaya, amma hukuma takarda take tambaya.