Abin da Motocin Lantarki Suka Koya Mini a Sashen Sufuri

Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin fetur ya fara cinye kasafin ma'aikatarmu, sai aka sayo 'yan motocin lantarki don gwaji, aka damƙa wa sashenmu. Mun karɓe su da murna da gaggawa, kamar yadda ɗan Adam ya saba da sabon abu.

1. Kafin doki ya iso, a tanadi harawa. Motocin sun riga wurin cajinsu zuwa. Ranar da aka ɗauke wuta, aka tayar da janareton dizal aka jona su. Na tsaya ina kallon hayaƙin da muka ce za mu rage yana tashi daga bayan gini, abin ya dame ni ƙwarai. Tsabtar motar lantarki tana ga wutar da ta sha. Sai da aka kafa sola a rufin gareji, aka koma yin caji da rana tsaka, sannan lissafin ya fara fita.

2. A fara da motar da ke kwana gida. Birnin Shenzhen na ƙasar Sin ya gama mayar da bas-bas ɗinsa sama da 16,000 na lantarki a ƙarshen 2017. Bas hanyarta sananniya ce, kuma kullum tana komawa tasha ɗaya ta kwana. Mu kuwa mun fara tura mota ƙaramar hukuma mai nisa, direba ya dawo yana rantsuwa ba zai ƙara ba, don idonsa bai bar ma'aunin batir ba har ya shigo gari. Motocin kai ma'aikata da takardu cikin gari su ne suka dace tun farko.

3. Bakanike ma yana buƙatar makaranta. Namu ya ƙware a inji, amma a nan babu baƙin mai, babu fulogi, sai batir mai ƙarfin da zai iya kashe mutum. Ya ƙi taɓawa, kuma ya yi gaskiya.

4. Hayaƙi mai yawa yana wurin gini. Wannan na gane a makare. Katafila da tifa suna wuni suna shan dizal, leburori da maƙwabta suna shaƙa. A 2019 birnin Oslo na Norway ya gwada aikin titi a tsakiyar gari da injinan haƙa na lantarki, kuma hukumar birnin ta sa rage hayaƙi cikin sharuɗɗan kwangilolinta. Wutarsu kusan duk daga madatsun ruwa take, tamu ba ta kai nan ba. Amma a nan ma gwamnati ce babbar mai ba da kwangila, abin da ta rubuta a takarda shi ɗan kwangila ke bi.

Don haka ina roƙon masu tsara kasafi: ku sa kuɗin caji, sola da horar da bakanike a shafi ɗaya da kuɗin motar.