Kaye Guda, Kiriyon Guda, da Itatuwan Kurfai



Kowace shekara in bazara ta yi zafi sai gardama ta tashi a fada. Wannan ya ce bara war haka shamuwa ta iso, wancan ya ce ƙarya ne, sai da aka yi ruwan fari. Kowa ya rantse, ba mai shaida. Gardamar nan ce ta sa na sayi kaye da kiriyon a kasuwar Lahadi ta Filinge, na fara rubuta abin da idona ya gani da kwanan watansa, ina zana shi a gefe. Ni fa ba mai zane ba ne, tun da na bar lakwal hannuna bai ja layi ba sai in za a sa hannu a takarda. Aduwar farko da na zana, ƙanwata ta ce tsintsiya ce.

Wani zai ce ga salula, ɗauki hoto mana. Ina ɗauka. Amma hoto ƙas ne ka wuce, zane kuwa sai ya zaunar da kai gindin icce rabin awa kana ƙirga. Nan ne za ka ga ganyen aduwa biyu-biyu yake fita a kan kara guda, ƙayarta kuma koriya ce kamar reshen. Juya ganyen sabara, za ka ga ɗigo-ɗigo baƙi kamar an barbaɗa masoro. Gawo kowa ya san halinsa, ya kaɗe ganye da damina ya tsiro da rani, shi ya sa hatsi ke kyau ƙarƙashinsa. To amma ranar da ya fara toho fa? Wannan ba ya zama a kai, sai a kaye.

Na san akwai masu ɗari-ɗari da zane saboda addini. Na tambayi malamin unguwarmu, ya ce icce da ganye da fure ba laifi, masu rai ne ake magana a kansu. Don haka tsuntsu nakan rubuta shi da baƙi: shamuwa, baya baƙi, ciki fari, nawa na gani, kan wane icce ta yi sheƙa.

Ga mai son farawa, kada ka kama icce gaba ɗaya, zai kashe maka jiki. Tsinko ganye guda, ɗora shi kan takarda, bi gefensa da kiriyon, sannan ka sa jijiyoyinsa. A sama ka rubuta rana da wuri da yadda gari ya waye, ko hazo ko hadari. Kuma da halin tsaron da muke ciki ba sai ka shiga daji ba. Ni ban wuce bayan gari da bakin Dallol Bosso wajen goribobi ba, kayen ya kusa cika.

Abin da ban zata ba shi ne Inna. Da ta ga zanen anza sai ta ajiye tsinin gerontar, ta yi shiru, sannan ta faɗa mini yadda suka ci dilo a yunwar 1984, wadda ake kira El Buhari: yadda ake ɓare shi, a jiƙa kwana da kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita, kafin a dafa. Jikokinta suna wuce anza kullum a hanyar lakwal, ba wanda ya san ta taɓa riƙe gidanmu. Na rubuta duka ƙarƙashin zanen. Yanzu in na dawo da sabon ganye ita nake fara kai wa, ta ba ni suna da amfaninsa, na ciwon ciki ne ko na awaki. Wani abokina Bazabarme daga Damana ya ƙara mini garbey kusa da aduwa, na buɗe layi don sunayen Zabarmanci da na Buzanci.

Inna ta ce da can akwai ƙirya a hanyar gonarsu, da ita ake sassaƙa turmi, maƙera kuma su yi gawayi. Wata uku ke nan ina dubawa kusa da gari ban samu ko guda ba. Na dai rubuta sunanta a saman shafi, na bar wurin zanen fari.