Umarnin da ke kwana a faifai ya tashi da hankalinsa

Jama'a, ashe tun 1985 an yi wannan abu! Wata takarda ce ta faɗo hannuna, wadda Malcolm Atkinson da Ron Morrison suka rubuta kan PS-algol, yaren shirya manhaja da aka ƙera a jami'o'in Edinburgh da St Andrews na Scotland. Ban ajiye ta ba sai da na kai ƙarshe.

A wannan yare, furosija, wato ƙunshin umarnin da ake kira ya yi aiki, daidai yake da lamba ko rubutu: a miƙa shi, a karɓe shi, a ajiye. To, ajiyar ce ta ɗauki hankalina. Ka rubuta furosija mai ƙirga baƙi, lambar ƙirgar tana ɓoye a cikinsa. Ya kai 41. Ka rataya shi a jikin tushen ma'ajiya, ka tabbatar da ajiyar, ka kashe kwamfuta. Gobe wata manhaja daban ta ɗauko shi ta kira, sai ya ce 42! Ya tafi da kayansa kamar kunkuru da ƙoƙon bayansa. Ƙa'idar ɗaya ce tak: duk abin da za a iya kaiwa gare shi daga tushe zai rayu, ko wane iri ne.

Nan take na buɗe Python na gwada da pickle, kayan aikinsa na ajiye abubuwa a fayil. Ƙememe ya ƙi. Furosijan da aka haifa a cikin wani ba ya ajiyuwa, na fili ma sunansa kawai ake rubutawa, jikin yana can a fayil.

Abin da ya fi burge ni ma yana gaba. A PS-algol, tunda babu mai taɓa lambar ƙirgar nan sai ta hanyar kiran furosijan, kariya ta samu kyauta. Kuma kowane sashe na babbar manhaja ana iya haɗa shi shi kaɗai, a ajiye, sauran su same shi a ma'ajiya lokacin aiki.

Akwai ƙaya, ba shakka. Idan ka gano kuskure a furosijan da ya riga ya kwanta da bayanan shekara guda fa? Gyara shi ba tare da zubar da kayan cikinsa ba aiki ne ja. Morrison da abokansa sun ci gaba da wani yare mai suna Napier88, daga baya aka gwada dabarar a Java da sunan PJama, amma kasuwa ta bi rumbunan SQL, mu kuma har yau muna rubuta layi bayan layi don kwashe bayanai zuwa faifai da dawo da su.