Ruwa Ba Ya Tsami Banza

A watan Afrilu, lokacin da bazara ta kai maƙura, na taso daga Damagaram zan je Tanut tare da ɗalibaina biyu, domin mu ɗauki hira da wasu dattawa. Motar da muke ciki tsohuwar kat-kat ce mai buɗaɗɗen baya, mai shan gazuwal, wadda na yi shekaru ina tara kuɗinta. Mun wuce rabin hanya ke nan sai na ga allurar zafi ta baro tsakiya tana hawa sannu a hankali. Na ratse, na kashe inji, muka jira ya huce, domin wanda ya buɗe murfin lagireto da zafinsa, tafasasshen ruwa ne zai tarye shi a fuska. Da na buɗe, sai na tarar da wani abu mai kauri, launin ƙasa, kamar kunun da ya kwana.

Muka lallaɓa, muna tafiya muna tsayawa, har muka shiga gari. Bakanike na farko ya leƙa sau ɗaya ya yanke hukunci: gasket ɗin kan inji ya ƙone, sai an sauke kan. Kuɗin da ya ambata ya kusa cinye albashina na wata guda, ga kwanakin da za mu yi a zaune. Har na kusa amincewa, sai wani dattijon bakanike da ke alwala kusa da mu ya ce, "Malam, bari in duba tukuna. Zazzaɓi ba shi ne ciwon ba, ɗan saƙo ne."

Ya fara da abin da ba ya cin kuɗi. Ya taɓa bel ɗin fanka ya ji tsaurinsa, ya duba ko ƙura da ciyawa sun toshe fuskar lagireto, ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya yana neman yoyo. Sannan ya zaro sandar awon mai: baƙin mai ya ragu ƙwarai, amma launinsa bai sauya ba. Ya sa aka zubar da wancan kunu, aka cika ruwa, ya ce in tayar da inji murfi a buɗe. Ya daɗe yana kallon bakin lagireto, babu kumfar da ke tasowa. Ya zagaya baya, babu farin hayaƙi a salansa.

"Da gasket ne," in ji shi, "da wuya iskar inji ba ta fito ta nan tana ɓulɓulowa ba. Mai ne ya shiga ruwa, ruwa bai shiga mai ba."

Na ce, "Baba, ta ina?"

Ya nuna mini wani ƙarfe a gefen inji, dab da matatar mai. Wannan ita ce na'urar sanyaya mai. A cikinta akwai siraran faranti jere. Mai na bi ta ciki, ruwa na kewaya su yana ɗauke zafin, ba tare da sun haɗu ba. Idan inji na aiki, matsin mai yakan ninka na ruwa sau biyu ko uku, saboda haka in faranti ya huje, mai ne ke kutsawa cikin ruwa. Daga nan sai ya lulluɓe ƙananan hanyoyin lagireto, ya kumbura tiyon roba, ruwa ya kasa kwashe zafi. Injin da ya kamata ya tsaya kusa da digiri 90 sai ya nufi tafasa, ga man da ke kare ƙarafansa yana ƙarewa.

Duk da haka dattijon bai tsaya a kan zato ba. Ya kwance na'urar, ya toshe kafa ɗaya, ya hura iska ta ɗaya kafar, ya tsoma ta cikin bokitin ruwa, kamar yadda mai faci yake yi wa tayar keke. Nan take kumfa ta jeru tana tasowa daga wani ɗan rami da bai fi bakin allura ba.

Sai ya tambaye ni wane ruwa nake zubawa. Na ce na rijiya, wani lokaci na famfo. Ya yi murmushi bai ce komai ba, ni kuwa kunya ta rufe ni. Ruwan da ake sayarwa domin lagireto yana ɗauke da sinadarin hana tsatsa. Ni na ɗauke shi almubazzaranci. Shekara uku ruwan rijiya yana cin ƙarfen nan ta ciki, ina murnar na yi tsimi. Laifin da na so ɗora wa zafin rana da tsufan mota, nawa ne.

Aka kawo wata na'urar daga Damagaram washegari, aka wanke hanyoyin ruwa sau uku har ya fito garau, aka canza mai da tiyo biyu. Abin da na kashe bai kai sulusin kuɗin farko ba, kan inji kuma ba a taɓa shi ba.

A hanyar dawowa ɗaya daga cikin ɗaliban ya ce bai taɓa ganin an yi bincike a gareji ba. Na ce ya gani jiya. Sau nawa nake karɓar aikin ɗalibi wanda ya ji kalma ɗaya a bakin mutum ɗaya, ya gina mata ƙa'idar nahawu? Dattijon nan ya tara alamu, ya kore zato ɗaya bayan ɗaya, bai furta hukunci ba sai da kumfa ta ba da shaida. Tun daga ranar, kowace safiyar Asabar nakan buɗe murfin lagireto kafin in tayar da mota, in duba launin ruwan.