Kaguwar Zamboanga Da Bashin Malamina

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarmu mai farin jini, in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wata tafiya da na yi zuwa ƙasar Filifin cikin watan Yuni na shekarar 2023, da wani abinci da aka ajiye mini a can, wanda ya tuna mini da wani laifi da na yi shekara 45 kafin nan, a nan unguwar Nassarawa ta Kano.

Nassarawa ta daɗe da sabawa da baƙin malamai. A nan ne Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a 1909, gidansa kuwa yana nan tsaye har yau. Da makarantun sakandare suka yawaita bayan 1970, malaman lissafi da na kimiyya suka yi ƙaranci, sai gwamnati ta riƙa ɗauko su daga Indiya da Pakistan da Filifin. Cikin waɗannan akwai wani mutumin Filifin, Kirista, wanda ya koya mana lissafi, aka ba shi gida cikin gidajen gwamnati na Nassarawa. Mutum ne mai haƙuri ƙwarai. In Salla ta zo mukan kai masa tuwo da miyar kuka, ya sa hannu ya ci. Har fara soyayya mun taɓa kai masa don tsokana, ya dube ta, ya dube mu, ya barbaɗa yaji ya cinye, bai ko yamutsa fuska ba.

Wata ranar Asabar a 1978 muka gan shi ya komo daga kogin Challawa da 'yan kaguwoyi a cikin bokiti. Ran Litinin, kafin ya shigo aji, na tashi na rubuta a allo da manyan baƙaƙe cewa Malam mai cin ƙazanta ne. Ya shigo ya karanta, domin ya riga ya ji Hausa kaɗan kaɗan. Bai tambayi wanda ya rubuta ba, bai kai ƙara ba, ya ɗauki tsumma ya share, ya ci gaba da darasi. A 1986, da darajar naira ta faɗi, ya kwashe iyalinsa ya koma gida, ban kuwa roƙe shi gafara ba. Daga baya ni ma na zama malamin makaranta, na san yadda irin wannan rubutu yakan yi wa mutum ciwo.

To, sai Allah ya sa ɗana ya gama karatu a Manila, babban birnin ƙasar, na tafi bikin ba su takardun shaida. Yaron ne ya nemo mini 'yar malamin ta Facebook, ta ce uban yana nan da rai a birnin Zamboanga, ya ce kuma in na koma Kano ban zo ya gan ni ba bai yafe ba. Daga Kano muka tashi ta Doha, daga Manila kuma muka sake shiga jirgin sama, muka yi kudu, tafiyar da ba ta kai awa 2 ba.

Bari in ɗan kwatanta ƙasar domin wanda bai san ta ba. Filifin tsibirai ce fiye da 7,000 a gefen tekun Pasifik, mutanenta kuwa sun kai miliyan 109 bisa ƙidayar 2020. Agogonsu yana gaba da namu da awa 7, watau sa'ad da muke sallar Asuba su har sun yi Azahar ko suna shirinta. Abin da ya fi ɗaure mini kai ranar farko shi ne alƙibla, gama a can yamma ake fuskanta. Mu da muka saba ce wa salla duban gabas, sai da na yi da gaske zuciyata ta yarda. Turawan Sifen suka mallake su tun daga 1565, sunan ƙasar ma daga na Sarkinsu Filib na Biyu aka samo shi. A 1898 Amurka ta karɓa, a 1946 suka sami mulkin kai. Saboda haka galibinsu Kiristoci ne 'yan Katolika, Musulmi kuwa kamar 6 ne cikin 100, yawancinsu a kudu. Amma Musulunci ya riga Turawa isa can. Mutanen wurin suna cewa a 1380 wani malami mai suna Karimul Makhdum ya sauka a tsibirin Simunul ya gina masallaci. In ka duba tarihin Kano, a zamanin Sarki Yaji, daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo mana da addini. Ashe ƙarni guda muka karɓa, mu ta hanyar fatake, su ta hanyar jiragen ruwa.

Zamboanga tana bakin teku a ƙuryar yammacin tsibirin Mindanao. Akwai ganuwar dutse da mutanen Sifen suka gina a 1635, ana ce mata Fort Pilar, akwai kuma tsohon masallaci mai jar ƙubba a Taluksangay wanda aka gina a 1885. Harshen garin, Chavacano, Sifananci ne da ya cuɗu da harsunan ƙasar. Musulmin garin kuwa galibi Tausug ne da Sama da Yakan. A 2013 an yi yaƙi cikin birnin tsakanin soja da 'yan tawaye har kusan mako 3, unguwanni suka ƙone, saboda haka baƙo ba ya rasa ganin masu tsaro a kan hanya. Amma mu dai lafiya muka shiga, lafiya muka fita.

Na tarar da Malam ya tsufa, yana dogara sanda, amma Hausarsa ba ta gudu duka ba. Ko da ya gan ni sai ya ce, "Sannu da zuwa, yaro. Ina gajiya?" Ni da furfura cike da haɓa, sai ga hawaye. Da la'asar ta yi sanyi ya ce a kai mu wani gidan abinci kusa da teku, ya kuma gayyato wani abokinsa Alhaji, mutumin Tausug, limamin wata unguwa, domin hankalina ya kwanta da abin da za a ba ni. Dubi wannan tunani na dattijo.

Aka fara kawo shinkafa fara, gama su ba su san an ci abinci ba in babu shinkafa, ko da safe ne. Aka kawo romon kifi mai tsami da suke kira sinigang. Da na kurɓa sai na ji tsamin da na sani, na tambaya, aka ce tsamiya ce, amma ɗanya suke sawa. Aka kawo wani romo kuma da ganye yana yawo a kai, na duba na ce wannan ai zogale ne. Suka yi dariya suka ce su malunggay suke ce masa, suna kuma ba mata masu shayarwa don nono ya kawo. Har na fara sakin jiki, ina cewa ashe gida na zo.

Can sai ga yaron gidan ya taho da wani babban faranti, ya dire shi gabana. Jama'a, kaguwa ce, amma ba irin 'yan ƙananan nan na rafukanmu ba. Gangar jikinta ta fi tafin hannuna, ja wur, ga gashi gashi a gefe, ga ƙafafu faffaɗa, an kwarara mata wata miya mai kauri, launin manja. Malam ya ce sunanta curacha, ita ce abin da garin ya yi suna da shi, wanda duk ya zo Zamboanga bai ci ta ba kamar wanda ya zo Kano ne bai ga Dala ba. Na ce mene ne ma'anar sunan? Ya yi murmushi ya ce a harshensu kyankyaso ke nan, saboda kamanninta. Nan take na ji cikina ya juya. Ya ƙara da cewa ita ba ta tafiya a karkace kamar sauran kaguwa, gaba take yi da baya, tana binne kanta cikin rairayin ƙarƙashin teku, janta kuwa halitta ce, ba wuta ta sa ta ba. Miyar kuma madarar kwakwa ce da kitsen kaguwa da kayan yaji, an fi saninta da sunan Alavar, watau gidan abincin da ya shahara da ita a garin.

Na juya wajen Alhaji na ce, "Allah gafarta Malam, mene ne hukuncin wannan a wurinku?" Ya ce su Shafi'awa ne, a littattafansu akwai magana a kan abin da ke rayuwa a ruwa da tudu duka biyu, amma wannan ba ta barin teku, saboda haka suna ci ba tare da shakka ba. Ya ce ya ji Hanafawa kifi kaɗai suka yarda da shi cikin dabbobin ruwa. Sa'an nan ya tambaye ni mazhabarmu. Na ce Malikiyya. Ya ce, "To, ai ku ne kuka fi kowa sauƙi a wannan babi." Gaskiya ya faɗa, ni ma na sani, na kuwa karanta a zaure tun ina saurayi. Aya ta 96 cikin Suratul Ma'ida ta halatta abin da aka kamo a teku, cikin Muwaɗɗa akwai hadisin da ya nuna mushen teku halal ne, Muhtasar kuma ya lissafa dabbar ruwa cikin abin da ya halatta ko da an same ta a mace. Watau abin da na kira ƙazanta a allo a 1978, littattafan da ke cikin gafakar mahaifina sun halatta shi. Ƙyamata ce kawai na ɗauka na sa mata rawani.

Malam bai ce kome ba, yana dai dubana. Na tuna da farar da ya ci a gabanmu. Na wanke hannu, na yi Bismilla. Ya nuna mini yadda ake ɗaga ƙoƙon bayan, gama naman wannan kaguwa a gangar jiki yake, ƙafafun ba su da wani abin kirki. Naman fari ne fat, sili sili, ya fi na kifi tauri kaɗan, da wani ɗan zaƙi a ciki, ba ƙarni ko kaɗan. Miyar tana da maiƙo da gardi, in ka cuɗa ta da shinkafa ka matsa ɗan ƙaramin lemon tsaminsu mai suna kalamansi, sai ka ji kamar miyar gyaɗa da ta yi tafiya ta ga duniya. Loma ta fari da ƙyar ta wuce, ba zan ɓoye ba. Ta uku kuwa ban san sa'ad da na kai ta ba. Kafin a jima sai ga ɓawo tuli a gabana.

Da na ga haka sai na ce, "Malam, akwai maganar da na zo da ita tun daga Kano. Ni ne na yi rubutun nan a allo." Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Na sani tun ran nan. Shekara 2 ina duba littafinka na lissafi, yaya zan kasa gane hannunka?" Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun kafin allon ya bushe, amma da gangan ya sa a kawo curacha, don ya ga ko ɗalibinsa ya ƙaru. Alhaji ya ɗaga hannu ya yi mana addu'a da Larabci, Malam ma ya ce amin.

Kashegari Alhaji ya kai mu cin abincin Musulmin garin. Da sassafe muka ci satti, watau 'yan ƙananan tsire na naman sa ko na kaza, a tsoma cikin jar miya mai yaji da zaƙi, tare da shinkafar da aka dafa cikin saƙaƙƙen ganyen kwakwa. Da rana a gidansa aka yi mana tiyula itum, romon naman sa baƙi ƙirin, baƙin kuwa na ƙonanniyar kwakwa ne da aka daka da citta da sauran kayan ƙamshi. Abincin biki ne a wurinsu. Ni kuma na fito da kilishin da na yo guzuri, suka ci suna shan ruwa suna yabo.

Ga ɗan abin da zan bar wa wanda Allah ya nufa da zuwa can, musamman iyayen yaran da ke karatu a Manila. Abin tsoro a Filifin ba kaguwa ba ce, alade ne, gama suna cinsa ƙwarai, suna kuma sa kitsensa cikin abin da ba ka zata ba, har da kayan lambu. Ka riƙe kalmomi 4: baboy alade ke nan, baka saniya, manok kaza, isda kifi. Gasasshen nan da suke alfahari da shi, lechon, galibi alade ne, adobo kuma wani lokaci kaza ce wani lokaci alade, wani lokaci a haɗe. Kaza da naman sa, nemi inda Musulmi suka yanka. In ka rasa, koma ga kifi da jatan lande da kaguwa, ka tambayi irin man da aka soya da shi, da ko an zuba giya a miya. Wanda kuma jikinsa ba ya karɓar irin waɗannan kayan teku, har yakan yi borin jini, ya bari, wannan maganar likita ce.

Ban rubuto wannan don in ce mutanen Kano su fara cin kaguwa ba. Tsakaninmu da teku mil 700 ne ta hanyar jirgin ƙasa, wanda bai taso da abu ba kuwa ba a tilasta masa so. Roƙona ga malaman makaranta da malaman zaure shi ne su koya wa yara bambancin kalmomi biyu, "ba na so" da "haramun ne". Ta fari haƙƙin kowa ce, ta biyu kuwa ba a faɗinta sai da dalili. Kano garin baƙi ne, a Nassarawa da Bompai da Sabon Gari akwai Sinawa da Kwarori da mutanen Kudu, kowa da tukunyarsa. In yaro ya leƙa ya ga abin da bai sani ba, ya tuna mu ma akwai masu mamakin fararmu da daddawarmu. Ni na yi sa'a na tarar da malamina da rai. Ba kowa zai sami wannan ba.

In kuwa na yi kuskure a maganar hukunci, ina roƙon malamai su rubuto su gyara mini a wannan shafi, zan karɓa da hannu biyu. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka. Wassalam.

Ni ne naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
Nassarawa, Kano.