Hawayen da Ba na Kuka Ba

Ku gyara zama, 'yan uwa, tunda yara sun yi barci kuma mu ya mu ne. Na san kowaccenku ta san wata a Surkon nan, ko cikin dangi can wajen Gwaram, wadda idonta ɗaya ba ya rabuwa da hawaye. Tana dariya suna zuba, tana tsintar shinkafa suna ɗiga cikin faranti. Ta sa kwalli da safe, kafin hantsi ya gangaro mata har kunci. Kullum bakin mayafi na hannunta tana goga, har fatar ƙasan idon ta yi ja ta tsattsage.

Haka gwaggona ta yi shekaru. Ciwon ma da sauƙi a kan bakin mutane. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu, wasu suka ce baƙin cikin gidan miji take haɗiyewa. Har ta daina zuwa biki da suna, don ta gaji da tambayar "me aka yi miki?" Babu abin da aka yi mata. Hanyar hawayenta ce ta toshe.

Yaya, gobe da safe ki ɗauki madubi, ki ja fatar idonki ta ƙasa, ki duba kusurwar da ke wajen hanci. Za ki ga wani ɗan mitsitsin rami, akwai ɗan'uwansa a fatar sama. Ido yana yin hawaye dare da rana don ya jiƙa kansa ya wanke ƙura. Duk ƙiftawa tana tura su cikin ramukan nan, su taru a wata 'yar jaka a gefen karan hanci, daga nan su bi siririyar hanya ta cikin ƙashi su sauka a hanci. Shi ya sa in mutum ya yi kuka majina ke biyo baya. Tsawon hanyar bai kai santimita 2 ba, amma in ta toshe, sai abin ya zama kamar kwatar tsakar gida da damina: ruwa ya rasa mafita, ya kwanta, ya ruɓe. Ciwon ya fi kama mata, musamman in shekaru sun fara ja. Tsohon ciwon hanci ko bugu a karan hanci ma kan jawo shi.

To, ruwan da ya kwanta cikin jakar nan shi ne abin tsoro. Da farko kwantsa ce ke manne ido da asuba. Daga baya in aka danna yatsa tsakanin ido da hanci, sai mugunya ta ɓulɓulo ta cikin ɗan ramin. Wata rana kuma a wayi gari wurin ya kumbura suntum, ya yi ja, ga zogi ga zazzaɓi. A nan ne mutanenmu ke kiran wanzami a yi sakiya. Don Allah kada ku bari. Mugunyar za ta fita, a ji sauƙi kwana biyu, amma hanyar tana nan a toshe, kuma sau da yawa wurin ba ya warkewa, sai ya bar ƙofa a fuska tana tsiyaya. Ciwon kan iya bazuwa ya shiga bayan ido. Maganin ɗigawa na kemis shi ma ƙwayoyin cuta yake kwantarwa, ba ya buɗe abin da ya toshe. Wasu irinsu ma, in aka daɗe ana sa su ba da sanin likita ba, suna kawo yana da hawan jinin ido. Ruwan ganye da ruwan sukari kuwa, ban ma so in ji an ambace su kusa da ido.

Ba duk idon da ke hawaye ne na toshewa ba fa. A ƙasarmu akwai amodari, wanda ke juya gashin ido ciki yana kartar ƙwaya, kuma aikinsa daban. Akwai hayaƙin murhu da ƙurar hunturu. Likita ke rarrabewa, kuma gwajin ba wuya. Zai ɗiga maganin kashe zafi, ya sa wani siririn bututu a ramin, ya tura ruwan gishiri. In hanya a buɗe take, sai ki ji gishiri a maƙogwaro. Da aka yi wa Gwaggo gwajin, ta ce ita ba ta ji komai ba, ruwan dawowa ya yi ta ramin sama haɗe da mugunya, ya jiƙa mata kunci. Nan likitan ya ce sai aiki.

Na ga kin dafe ƙirji, ƙawata. Abin da zan faɗa ki riƙe shi, don shi ne ke hana tsofaffinmu zuwa asibiti: ba a taɓa ƙwayar ido a wannan aiki. Ba a ciro ta, ba a yanka ta. Likita yana ɗan tsaga fata a gefen karan hanci, abin da bai wuce santimita 1 da rabi ba, ya cire ɗan ɓallin ƙashi da ke tsakanin jakar hawaye da hanci, ya ɗinke bakin jakar da fatar cikin hanci. Ke nan an bar tsohuwar hanya, an buɗe sabuwa. Sau da yawa ana zura wata siririyar roba ta riƙe ƙofar kada ta haɗe, a cire ta bayan wasu makonni ko 'yan watanni. Ana yi da allurar barci, ana kuma yi da ta kashe wurin kawai, kuma kamar awa guda ne. Akwai masu yi ta cikin hanci da na'urar leƙe, ba tabo a fuska ko kaɗan.

Kuma ba sabon abu ba ne da za a ce gwaji ake yi da mu. Wani likitan Italiya, Addeo Toti, shi ya bayyana wannan aiki tun 1904, likitocin Faransa biyu suka gyara ɗinkinsa a 1921. Cikin mutum goma da aka yi wa, kusan tara suna rabuwa da matsalar. Bayan aiki akan ga ɗan jini ta hanci da kumburi na 'yan kwanaki, kuma za a hana face majina na mako ɗaya ko biyu. Mai hawan jini, ko mai shan asfirin kullum, ta faɗa wa likita tun kafin a sa rana. Wani abin kuma, wadda ke jiran aikin yanar ido ga kuma mugunya a jakar nan, sai an fara magance jakar, don ƙwayoyin cutar na iya shiga cikin idon da aka buɗe su lalata shi.

Amarya, na san ɗanki kike tunani. Na jarirai daban ne, kuma yana da yawa. Wata 'yar fata ce a ƙarshen hanyar ba ta gama buɗewa ba, kuma kusan tara cikin goma suna warwarewa da kansu kafin shekara. Nas za ta nuna miki yadda za ki wanke hannu ki riƙa danna gefen hancinsa kina shafawa ƙasa. In ya wuce shekara bai daina ba, sai a zura siririn ƙarfe a buɗe. Amma jaririn da idonsa ke hawaye yana gudun haske, baƙin idon ya yi girma ko ya yi hazo, ko wanda ya kumbura da mugunya a kwanakin farko na haihuwa, wannan ba a kwana da shi a gida.

A fara da asibitin tarayya na Birnin Kudu, su duba. In aikin na gaba ne, su ba da takarda, a bi ta Wudil a shiga Kano. Ga asibitin ido na ECWA a Sabon Gari, wanda ke aiki tun 1943, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga asibitin ido na Makka. A Kaduna kuma akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa.

Na san kuɗin mota da na aiki ba wasa ba ne, ga neman izinin maigida. Shi ya sa na kawo maganar nan gabanku. In akwai mai irin wannan ido a cikinmu, a ba ta kwasar adashin wannan zagayen, ɗaya daga cikinmu ta raka ta. Kuma ta tafi da duk kwalaben maganin da ta taɓa ɗigawa, likita ya gani.